Bam ɗin da Na Haɗa Bayan Rumbun Kawu

Wata Asabar da hantsi, cikin kakar shekarar da na shiga aji biyar, Ɗanjuma mai bidiyo ya jingina allo a ƙofar rumfarsa a Maijirgi. Ya zana wani hayaƙi mai kai kamar laima da alli, ya ce akwai kaset na nan tafe daga Tasawa. Fim ne na mutanen da suka ƙera bam ɗin da ya cinye gari guda a Japan, da yadda babbansu ya rasa sukuni daga baya. Tulu na bisa kaina na tsaya kallon zanen har ruwa ya jiƙa mini wuya. Mu ƴan mata ba a barinmu shiga rumfar, sai dai leƙe ta hujin zana, amma wallahi babu namijin da ya fi ni ƙagara.

Sati uku muka yi muna jira. A lakwal, wato makarantarmu ta boko, ba a zancen komai sai bam. Malaminmu, da muke kira Mushe, ya ce da irin dutsen da ake haƙowa a Arlit, can arewacin ƙasarmu Nijar, ake yin sa, sai muka riƙa hura hanci kamar daga gonar ubanmu yake fitowa. Wurin roron gyaɗa zancen ke nan, wurin tsinkar wake shi ne, kowa na ba da labarin fim ɗin da bai gani ba. Wanda ya fi kowa zuba shi ne Idi, ɗan Kawu Mamman, ajinmu ɗaya. Taubashina ne, kuma kun san yadda taubasai suke: in tuwo ya ɓace ya ce ni ce, in akuya ta kwance in ce shi ne, manya su yi ta dariya, babu mai ɗaukar zancenmu da gaske.

Babana walda yake yi, yana gyaran amalanken jakai. Da yake ba mu da lantarki, da karbir yake aiki, wannan dutsen mai warin tsiya da ake jiƙawa ya ba da wuta. Ni nake kai masa fura da azahar, ni nake share masa wurin, don haka na san halin karbir fiye da duk yaran garin. Ga ni da rawar kai, ga son a ce na iya. Rannan Idi na cikin cika baki na ce masa, "Kai dai surutu ka iya, ni zan haɗa maka shi ka gani." Na ƙulle ɗan guntun karbir a bakin zanena, muka sami gwangwanin madara muka gwada bayan rijiya. Murfin ya tashi sama, fau! Awaki suka watse, muka yi dariya har muka faɗi ƙasa.

Da ina da hankali da nan na tsaya. Ina! So nake a ji ƙarar har kasuwa. Na nemo babban gwangwani, na debo karbir cike da hannu, kuma ni ce na zaɓi wurin: bayan rumbunan da ke gefen gari, don kada Baba ya ji. Kwana biyu ke nan da Kawu ya gama zuba damman geronsa a rumbunsa da ke wurin, kara busasshe zube ko'ina. Na ga karan da idona, ban ce ban gani ba. Na haɗa komai, na miƙa wa Idi kara mai wuta, sannan na ja da baya sosai, don na san girman abin da zai tashi. Shi ban gaya masa ba.

Ƙarar ta fi yadda na zata. Harshen wuta ya fito, Idi ya firgita ya yar da karan hannunsa, kafin in ce wayyo wutar ta kama gindin rumbun. Na ruga gida na ɗauki taɓarya na shiga daka tare da yayata. Mata suka yi ta gudu da bokitai, amma ruwan rijiya ɗaya bai kashe rumbu. Abincin gidan Kawu na shekara ya ƙone ƙurmus, garin ya kwana uku yana warin soyayyen gero. Idi kaɗai aka tarar a wurin, gashin girarsa ya babbake.

Da la'asar aka zaunar da shi a zauren Kawu. Yana kuka ya ce, "Rabi ta haɗa, ni kunnawa kawai na yi." Ina laɓe bayan ƙofa, na ji wani dattijo ya yi tsaki. Kawu ya daka masa tsawa: "Yau ma wasan taubashi za ka yi mana? Ɗiya mace mi ta sani ga bam?" Aka ƙara masa bulala saboda ƙarya. Baba ne kawai ya kira ni, ya daɗe yana dubana, ya ce, "Rabi, kin san zancen nan?" Na ce a'a, ina wurin daka. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kuma wannan ne ke ba ni tsoron kaina har yau.

Kafin kaset ɗin ya iso an cire Idi daga lakwal. Hatsi ba ya isar gidan, uban kuma bai iya haɗa ido da shi, sai aka tura shi Issawane wurin dangin uwarsa ya yi kiwo. Yaron da ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba! Ranar da aka nuna fim ɗin ban je leƙe ba. Na dai ji yara na ƙorafi wai duk surutu ne, manya cikin kwat suna musun wa ke da laifi.

Yanzu ina koyarwa a Tasawa. Yaran ajina a waya suke jiran finafinansu, babu zana, babu mai hana ɗiya mace kallo, kuma ban taɓa ba su wannan labari ba. Idi kan kawo dabbobi kasuwa ya biyo ta gidana. Bara na yi ƙarfin hali na roƙi gafararsa, na ce zan je in faɗa wa dangi gaskiya. Ya yi murmushi ya ce, "Wa za ki faɗa wa, Rabi? Manyan duk sun rasu. Ni na yafe tuntuni." Sai ya laluba aljihu ya zaro takardar likita da aka rubuta wa ɗansa, ya miƙo mini a kunyace. "Duba mini mi aka ce a nan, Faransancin duk ya gudu."

Na karanta masa layi-layi, ya yi mini godiya har sau biyu. Godiyar nan ta fi mini bulala zafi.