Ma'aikatan Kawu Sale Guda Shida

Duk wanda ya san Kawu Sale magini ya san gwangwanin madarar nan da ba ya rabuwa da shi. A ciki akwai 'yan mutanen roba guda shida, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, da hular kwano ruwan ɗorawa, wannan da shebur, wancan da baro. Kayan wasan yara ne, irin masu zuwa da ƙananan bulo da ake harhaɗawa. Wani injiniya ne ya bar masa su lokacin aikin dam a wajen Bagwai, tun ina goye. Kullum da safe sai ya jera su a kan dakali yana motsa baki.

Ka kawo masa aiki, amsarsa ɗaya ce: "Bari in ji daga ma'aikata."

Ni ɗan ƙaninsa ma ban tsira ba. Da zan yi ɗakin aure na ce taga ta kalli gabas. Ya haɗa ɗakin da bulon roba, ya tsayar da mai shebur a ciki, ya sheƙa masa ruwan buta ta gabas.

"Ka gani? Audu ya jiƙe sharkaf! Haka kake so 'yar mutane ta yi damina?"

Har yau tagata kudu take kallo.

Ga maƙo! Ranar da hular Audu ta ɓata na ce zan nemo masa wasu 'yan mutanen roban a kayan gwanjo a Kano. Ya harare ni, ya ɗauko murfin man goge baki ya kifa wa Audu.

"Ka taɓa jin an kori ma'aikaci don hularsa ta faɗi?"

To, sai magana ta fara yawo a gari cewa Kawu gumaka yake ajiyewa. Matarsa, Inna Tabawa, ta gaji da gori a gidan suna, ta rantse sai ta jefa su a murhu. Ta hura wuta, ta aika aka kira liman ya zama shaida. Ina tsaye a wurin, kuma wallahi na tsorata, don na san in aka ƙone su Kawu ba zai ƙara zama daidai ba.

Liman ya same shi a dakali. "Malam Sale, me kake gaya musu kullum?"

"Su? Allah gafarta Malam, roba tana ji ne?"

Sai ya shiga taɓa su ɗaya-ɗaya. "Audu. Ɗanjuma. Isa Dogo. Mamman. Garba direba. Tare muka yi dam, duk sun riga ni. Kaina ya fara zuba, Malam, jiya sunan jikata na nema na rasa. In ban jera su ba, tsoro nake in tsallake wani a addu'a."

Liman ya nuna wanda ya rage. "Na shidan fa?"

"Wannan malalaci ne. Bai tafi ba tukuna, yana ta ja wa mutane rai."

Inna Tabawa ta juya, ta ɗora ruwan shayi a kan wutar.

Bara, bayan girbi, malalacin ya tafi. Ranar uku Inna ta miƙo min gwangwanin ta ce, "Ka riƙe sunayen dai ko?"

Na riƙe. Yanzu ni nake jera su da safe, kuma kullum in na zo kan na shida sai in kira sunan Kawu. Allah Ya jiƙan Audu, da Ɗanjuma, da Isa, da Mamman, da Garba. Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya ba shi ɗakin da ruwa ba ya shiga.