Kwalbar Baba Sale da Dattawan Zaurensa

Har yau ban manta da ranar da na shiga wani zaure a Dingaya da hantsi, a tsakiyar damina, na tarar da dattawan unguwa kwance reras suna sharar barci ba. Lokacin da kowane mai ƙarfi yake gona ke nan. Ku da kuka zo aikin nan a bayana kun sha jin ana tsokanata da "Likitan Zaure", kuna dariya ba ku san mafarin sunan ba. Gara ku ji daga bakina, domin masu ba da labarin a ɗakin shan shayi sun fara ƙara masa gishiri.

A lokacin ina matsayin babban nas a wani asibiti a Birnin Kudu, sai aka ɗauke ni cikin wani bincike kan marasa lafiyar da cutarsu ta wuce warkewa a hannun likita. Irin waɗannan ba a neman kawar musu da cutar, ana neman rage musu raɗaɗi ne, su samu barci, su ci abinci, su yi sallah cikin natsuwa. Abin da binciken yake son ganowa shi ne ko za a iya yi musu wannan kulawa a gidajensu na ƙauye, maimakon a riƙe su a gadon asibiti. Shugabarmu ita ce Dakta Rabi, mace marar yawan magana, wadda idan ta cire tabarau ta dube ka sai ka fara tuno laifuffukanka na bara. Ni aka ba ƙauyukan Gwaram. Duk mako nakan hau babur in zagaya, in duba jiki, in yi tambayoyi, in kai magani.

Maganin da ya fi kowanne tsauri a jakata shi ne mofin na ruwa. Yana kashe raɗaɗi mai tsanani, amma ga wanda ba a rubuta wa ba yana iya danne numfashi har ya yi kisa. Saboda haka ba a ba da shi sai da sa hannun likita, ana auna shi da sirinji marar allura, kuma duk ɗigon da ya fita sai an san inda ya tafi. Ƙa'idar binciken a fili take: gidan da aka samu maganin ya shiga bakin wani, an daina kai shi gidan. Mai ciwon ya zaɓa, ko ya dawo asibiti a kwantar da shi, ko ya zauna gida ba magani.

Cikin marasa lafiyata akwai Baba Sale na Dingaya, manomi ne da ya tsufa da ƙarfinsa, har ciwon daji ya kama shi ya gangara ƙashin bayansa. Ya yi jinya a asibiti, da aka sallame shi ya rantse ba zai sake kwana a ɗakin da ba ya jin kukan zakaransa ba. Aka yi masa shimfiɗa a zaure saboda masu dubiya. Kun san al'adarmu, ba a barin marar lafiya shi kaɗai, balle mutum irinsa da duk unguwa ta ci tuwon gidansa. Tsofaffin da suka daina zuwa gona nan suke wuni.

Ranar da na fara kai masa kwalbar, zauren a cike yake. Ƙa'ida ta ce in keɓe da mai ciwo da mai jinyarsa in yi musu bayani. To amma ina shiga aka hau "Sannu da zuwa, Likita", aka shimfiɗa mini buzu, aka kawo fura. Ni kuwa ba likita ba ne, amma ban taɓa jin kunnena ya yi ciwo don an kira ni haka ba. Kaina ya kumbura. Na ɗaga kwalbar sama kowa ya gani, na gyara murya kamar mai tallar magani a kasuwa, na ce wannan ba irin ƙwayoyin kemis ba ne, wannan sarkin magungunan ciwo ne, babu raɗaɗin da yake tsaya masa, ko na baya, ko na ƙugu, ko na gwiwa. Na ga dattawa suna gyaɗa kai, wani yana shafa gwiwarsa, sai na ɗauka iya bayanina ne yake ratsa su. Maganar haɗarinsa kuwa a gurguje na yi wa matarsa, Inna Hanne, a bakin ƙofar cikin gida, ina ɗaura jaka a babur.

Makon farko abin ya yi kyau. Baba Sale ya samu barci, har ya zauna ya yi sallah ba a tallafe shi ba. Na koma ofis baki har kunne ina ba da labari kamar ni na haɗa maganin. Mako na biyu sai na ga kwalbar ta yi ƙasa fiye da yadda ya kamata, shi kuma fuskarsa ta faɗa. Na tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Nan take na yanke hukunci a raina cewa ciwon ne ya ƙaru yake ƙara awo, har na tsara jawabin da zan yi a taron mako in ba Dakta Rabi shawarar a ƙara masa. Don in ƙarfafa hujjata sai na koma ƙauyen kafin ranar da suka saba ganina.

Na yi sallama a ƙofar zaure, ba wanda ya amsa sai minshari. Dattawa ne a kwance, wani ya jingina da bango baki buɗe, wani carbi ya zame daga hannunsa. Mutum ɗaya ne idonsa biyu, shi ne mai ciwon. Yana kwance a gefensa, gumi ya jiƙa masa riga, ya damƙe gefen tabarma. Kusa da matashinsa ga kwalbata, ga cokalin shayi.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina girgizawa. Duk suka farka suna mutsuttsuke ido, ban da Malam Iro, aminin Baba Sale tun ƙuruciya, tsoho siriri mai ciwon gwiwa. Na durƙusa a kansa ina lura da numfashinsa, na buɗe idonsa, na juya shi a gefe, ina kiran sunansa ina jan duk addu'ar da ta zo bakina. A raina har na ga kaina a gaban kwamiti, na ga takardar sallama, na ga matata tana tambayata me za mu ci. Can sai ya buɗe ido ya dube ni.

"A'a, Likita ne? Kai, Allah ya yi maka albarka. Rabon da in yi barci irin wannan tun ina saurayi."

Na sa aka zaunar da shi, na hana shi komawa barci, na ci gaba da duba shi har na tabbata ya wartsake. Sannan na roƙi dattawan su ɗan ba mu wuri, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na auna wa Baba Sale nasa na ba shi, na jira har hannunsa ya saki tabarmar.

Na ce, "Baba, me ya sa? Maganin nan naka ne kai kaɗai."

Ya ce, "Ɗan nan, ba kai ka ce har na gwiwa yana yi ba?"

Inna Hanne, da take tsaye a bakin ƙofa, ta ce ta yi magana har ta gaji. Mijinta ne ya ce a ajiye kwalbar a wurinsa, duk wanda ya shigo yana ɗingishi sai ya ɗiga masa a cokali, shi kuma ya tsallake nasa don kada ta ƙare kafin in zo. Kwana da kwanaki ke nan yana juyi ba barci.

Baba Sale ya ce, "Tunda nake, ban taɓa cin abu a gaban mutum yana kallona ba. Da, wanda ya shigo zauren nan ba ya fita hannu sake, ko goro ne, ko damin dawa. Yanzu sai dai a kawo mini. To ga Iro yana nishi a gabana, ni ina kurɓar sauƙi. Ta ina zai wuce mini maƙogwaro?"

Na ɗauki kwalbar na ba Inna Hanne ta shiga da ita ciki, na hau babur.

A hanya Shaiɗan ya yi mini rakiya sosai. Ya ce in ce kwalbar ta zube. Ya ce in ce akuya ta ture ta, kuma wallahi akwai akuya a gidan, har na fara tsara kalarta. Abin da ya hana ni ba tsantsar gaskiya ba ce, kada ku ɗauke ni waliyyi. Na san idan na yi ƙarya aka ba ni wata kwalbar, cokalin nan zai ci gaba da zagaya zaure, kuma wata rana Malam Iro ba zai farka ya sa mini albarka ba. Idan kuma na faɗi gaskiya, ƙa'ida za ta raba Baba Sale da maganinsa ko da gidansa.

Na faɗa wa Dakta Rabi komai, har da jawabina na kasuwa. Ta cire tabarau.

"Malam Habu, bincike muka aike ka ko talla?"

"Ranki ya daɗe, bincike."

"Ka san abin da ƙa'ida ta ce?"

Na ce na sani. Na ce idan hukunci ne a yi a kaina, a cire ni daga aikin, amma tsohon nan ba zai dawo asibiti ba ko za a yanka shi, kuma na ga yadda yake idan babu maganin. Daga baya ta ce dole ta kai rahoto ga kwamitin da ke sa ido kan binciken, da sunana a ciki, amma kafin su zauna tana so ta ga mutumin da idonta.

Washegari muka tafi da motar aiki, ta kafe a taɓo, na fito na tura, na isa gidan da laka har gwiwa. Ba wanda ya shimfiɗa mini buzu ranar. Dakta Rabi ta gaida dattawan cikin ladabi, sannan ta faɗa musu a fili cewa abin da suka sha zai iya kashe su, kuma duk cokalin da aka ba su daga barcin amininsu aka ɗebo shi. Malam Iro ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Hajiya ba mu san yana hana kansa ba."

Ta keɓe da Baba Sale da matarsa suka yi magana mai tsawo. Aka tsaya a kan cewa kwalba za ta zauna a kulle a akwatin Inna Hanne, makulli a wuyanta, ita za ta riƙa auna masa, kuma idan lokacin sha ya yi baƙi su ɗan fita. Ni kuma aka ɗora mini duba tsofaffin zauren duk zuwana, in auna hawan jininsu, mai buƙatar asibiti in tura shi. Daga aljihunta ta sayi man zafi na shafawa ta ce a ajiye kusa da matashin Baba Sale, wanda ya zo da ciwon gwiwa shi zai miƙa masa da hannunsa. Kwamiti ya amince a ci gaba bisa sharaɗin idan aka kuma, shi ke nan. Ni aka ba ni takardar gargaɗi, aka kuma sa ni in tsaya gaban abokan aiki in maimaita jawabina kalma bayan kalma don su ji yadda ba a yi. A nan sunan Likitan Zaure ya kama ni.

Baba Sale ya cika alkawari. Ya samu barci, ya ga an shigo da amfanin gonarsa, ya rasu a zaurensa bayan kaka, mutanensa kewaye da shi. Da na je ta'aziyya, Inna Hanne ta fito da ragowar maganin kamar yadda ƙa'ida ta ce a mayar. Na auna, daidai yake, ko ɗigo bai ɓata ba. Ina shirin yi mata godiya sai ta ce akwai abin da take so in sani. Ana saura kwana kaɗan mijinta ya cika, gwiwar Malam Iro ta tashi sosai, man zafi bai yi masa komai ba, yana zaune yana cije leɓe. Baba Sale ya daɗe yana kallon ƙofar cikin gida inda akwatin yake. Sannan ya juya fuskarsa bango, ta ji yana cewa, "Iro, ka yafe mini, an hana ni." Ta ce duk tsawon ciwon nan ba ta ga hawayensa ba sai ranar.

Na koma Birnin Kudu da kwalbar a jaka. A rahotonmu an rubuta cewa an shawo kan raɗaɗinsa, kuma gaskiya ne. Abin da muka yi shi ne daidai, ko gobe haka za a yi, domin maganin nan ba abin rabo ba ne. Amma ku da za ku shiga gidajen mutane da jaka a kafaɗa, ku yi bayaninku a keɓe, ku rage son a kira ku likita, kuma kafin ku ajiye kwalba ku tambayi yadda mai gidan yake rayuwa da mutanensa. Mun zo rage wa Baba Sale ciwon baya, mun rage. Ciwon da ya sa shi kuka kuwa mu muka kawo masa, kuma babu shi a cikin tambayoyin da nake yi masa duk mako.