Jinin da Malama Zuwaira ta bari a Lyon

Ina cikin jirgin ƙasa daga Paris zuwa Lyon ƙanen Malama Zuwaira ya kira ni. Bai tsaya gaisuwa ba, ya ce, "Sa'a, Malama ta cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye wayar a cinya ina kallon gonaki suna wucewa, hawaye bai zo ba sai da muka iso.

Malama Zuwaira 'yar Damagaram ce, masaniyar sinadaran jini, kuma a hannunta na koyi aiki. Ranar da na fara shiga ɗakin bincikenta a Lyon, tana jin sunana ta juya zuwa Hausa. Na amsa da Hausarmu ta 'yan Bobigny, unguwarmu a gefen Paris, rabinta Faransanci. Ta yi dariya ta ce, "Wannan Hausar taki ita ma sai an kai ta likita."

Aikinmu a kan ruwan jini ne, ruwan nan mai rawaya da ke tasowa sama idan an juya jini a na'ura. An ɗebe shi daga dubban manya a ƙasar Sin tun suna lafiya lau, aka daskarar, aka jira shekaru. Waɗanda ciwon dajin ƙoda ya kama daga baya, sai mu koma ga jininsu na dā, mu gwada shi da na waɗanda suka tsira, ko akwai sinadarin da ya fara canzawa tun ciwon bai bayyana ba. Takan ce, "Jini yana faɗar gaskiya, sai dai muryarsa ƙasa-ƙasa take."

Abu ɗaya ya hana ta sukuni. Cimar Sinawa daban, tamu daban, babu tabbacin alamar da za a gano a jikinsu za ta yi aiki a namu. "Wanda ya tashi da fura da kilishi, wa ya duba nasa?" in ji ta. Ta nemi izini, ta samu gurbi a firigo, wato na'urar sanyi ta ɗakin bincike, ta shiga bin mutanenmu, daga kantunan La Guillotière a Lyon har rumbunan kaya na Aubervilliers a gefen Paris, tana roƙon jinin da bai wuce cikin cokali ba.

Ni na kai ta wurin mahaifina. Ya karɓe ta da girma, ya sa aka kawo shayi, sannan ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Jinin mutum ba abin ajiyewa ba ne a firigon nasara. Wa ya san hannun da zai faɗa gobe?" Haka kusan kowa ya ce. Daga baya magana ta bazu wai sayar wa Sinawa take yi. A wurin suna mata suka riƙa janye 'ya'yansu daga kusa da ita. Na ji haushi ƙwarai, har yau ina ji. Ita kuwa ba ta fasa zuwa da turmin atamfarta ba.

Da ciwon gefe ya matsa mata, aka duba, ashe abin da take farauta ne ya ci ƙodarta, ya riga ya bazu. A gadon asibiti ta riƙe hannuna ta ce kwalbar farko a firigon nan tata ce, ta ɗiba tun tana jin kanta garau. "Kin ga, kin samu irin jinin da ake nema. Amma ɗaya ba ya nuna komai, sai da jama'a."

Jama'ar ta zo zaman makoki, ɗaki ya cika har matakala. Mahaifina ya zo daga Paris, yana kuka da gaske. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, ko yanzu za ka ba da jinin?" Ya share ido ya ce, "Sa'a, ba yau ba." Na san abin da yake nufi: ba yau ba, ba gobe ba. Shugaban ɗakin bincike kuma ya sanar da ni za a rufe aikin, ana bukatar gurbin da ta samu a firigo. Ban ga wanda zan roƙa ba kuma.

Allah Ya jiƙan Malama, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta. Allah Ya ba tsohuwarta da ke Damagaram da ƙannenta haƙurin rashinta. Mu da muka hana ta cikin cokali muka zo mata da hawaye, Allah Ya yafe mana.