Ƙasarin Akuyar Iya Gambo

Wata Alhamis a bazarar shekarar yunwa, wadda 'yan boko ke cewa 1914, mai garinmu da ke yamma da garin Sule Tankarkar ya tara magidanta a gindin tsamiya. Ina 'yar shekara tara, na kai wa Baba ruwa, sai na tarar ana ta musu. Mai gari ya ce duk mai sauran gero ya fitar da wani abu a raba wa waɗanda rumbunsu ya ƙare. Liman ya goyi bayansa, ya ce haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don an ba da zakka. Baba kuwa ya tashi ya ce guminsa ne, da wasu ke kwance a inuwa shi yana duƙe a gona, kuma ɗa ne shi ba bawa ba, babu mai buɗe masa rumbu. Da aka matsa, sai ya ce shi ma ba shi da ko ƙwaya. Ni kuwa na san akwai.

Daga ranar aka hana mu daka a tsakar gida, don ƙarar taɓarya ba ta da sirri. Inna ta shigar da turmi ɗaki, muna surfe a hankali kamar ɓarayi. Dā ni da Ladi, 'yar maƙwabciyarmu Iya Gambo, tare muke zuwa itace da rijiya, mu yi 'yar carafke a bakin danga har a kira mu da faɗa. Sai ga shi ina ɓuya idan na ji muryarta, kada ta ji ƙanshin tuwo a jikina. Ladi ta rame, har ta daina fitowa.

Rannan da hantsi Iya Gambo ta yi sallama da ƙwarya a hannu. Ba ta roƙi hatsi ba, kunya ba za ta bar ta ba. Cewa ta yi a sam mata ƙasari, ruwan wankin surfen nan da ake ba dabbobi, za ta ba akuyarta. Kaf garin an san ta sayar da akuyar tun da rani. Inna ta miƙe za ta zuba, Baba ya tare ta, ya ce mai ƙasari ai shi ne mai gero, yau ya bayar gobe ya zama maƙaryaci a gindin tsamiya. Ni aka tura na ce babu. Iya Gambo ta dubi hannuwana, fari fat da dusa, ta ce, "To 'yar nan, Allah ya kawo mana sauƙi." Wallahi na so ƙasa ta tsage na shige. Ƙasarin kuwa bayan ɗaki aka zubar da shi.

Kafin ruwan farko sun yi kudu neman abinci, ita da Ladi a goye, yarinyar da ta kai tsawona. Ba su dawo ba.

Yanzu jikokina sun iya gardamar ƙuri'a da haraji, wannan ya ce a karɓa daga masu shi a raba, wancan ya ce kowa da guminsa. Baba ya yi gaskiya, geronsa ne, kuma da shi muka rayu. Amma har ya rasu bai sake zama a gindin tsamiyar nan ba.