Gibin da Keziya ta ciyar da fetur

Keziya 'yar garin Jama'a ce, kuma tun tana budurwa hannunta ya faɗa da zoɓo. Da ta auri Nehemiah suka tare a Samaru, ta sayi firiza kwance, ta samu wata mai gidan abinci a Sabon Gari, Madam Folasade, da ke karɓe mata zoɓon kullum safiya. Sharaɗin Madam ɗaya ne, ya zo da ƙanƙara a jikinsa.

Shi kuwa Nehemiah malamin kimiyya ne a sakandare, yana neman digiri na biyu tun kafin a yaye 'yarsu Ƙauna, ga shi yarinya har ta shiga firamare. Yajin aiki ya ci rabin shekarun, rashin wuta ya ci sauran. Aikin nasa a kan duwatsu ne, ba ma na ƙasa ba da za a ce mutum ya yi gini da su, na sama!

Ya sha yi mata bayani har ta haddace. Wai akwai tarin duwatsu da ke kewaya rana, ga ƙatuwar duniya Jufita can bayansu. Duk dutsen da ke zagaye uku daidai lokacin da Jufita ke yin ɗaya, kullum a wuri guda suke gamuwa, ta ɗan fizge shi. Fizga kaɗan ce, amma wuri ɗaya take maimaitawa, kamar yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya, har dutsen ya bar hanyarsa. Sai layin ya zama wayam. Wannan gibin yake so kwamfutarsa ta nuna.

To kwamfutar tsohuwa ce, sai ta kwana da yawa tana lissafi ba tsayawa, kuma wuta na ƙiftawa komai ya koma farko. A 2004 Farfesan da ke duba aikinsa ya ce masa bana ce shekarar ƙarshe. Ɗan janaretansu kuwa ba ya ɗaukar firiza da kwamfuta tare.

"Maman Ƙauna, ki yi haƙuri, 'yan kwanaki ne," in ji shi.

Ta zare wayar firizar da hannunta. Ita ce bin layin mai, ita ce rigima da 'yan bumburutu, ita ce ɗura fetur injin na ruri, tana addu'a kada ya tashi da ita. Zoɓo ya riƙa isa Sabon Gari da ɗumi. Madam Folasade ta daure, ta daure, rannan ta ce, "Keziya, ni ba shayi nake sayarwa ba. In Litinin bai zo da sanyi ba, akwai wata a Chikaji tana jira."

Ranar Lahadi sun dawo daga coci ko ɗankwali ba ta cire ba, ta ji ihunsa daga ɗaki.

"Ya buɗe! Zo ki gani!"

Ta leƙa. Ɗige-ɗige ne fari fat cike da gilashin kwamfutar, sai wani siririn layi baƙi a tsakiya.

"Wannan ne? Nan inda babu komai?"

"Shi ne," ya ce, idonsa ya kawo ruwa.

Wallahi ta so ta yi murna. Ta laluba zuciyarta, gajiya kawai ta samu. Amma dai an gama, in ta jona firiza yanzu, zoɓon gobe zai daskare. Ta juya ke nan ya kira ta, muryarsa ƙasa-ƙasa, bai iya kallonta ba.

"Maman Ƙauna... Farfesa ya ce gibi ɗaya bai isa hujja ba. Akwai na biyu, can gaba kaɗan. Shi ya fi jinkirin buɗewa."

Injin na ta ɓaɓatu a tsakar gida. Ba ta yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu.

"Yaushe za ka fara?"

"Yau, in kin yarda."

Ta ɗauki wayarsa ta fita bakin ƙofa inda ake samun sabis, ta kira Sabon Gari.

"Madam, Keziya ce. Ki ba wa ta Chikajin cinikin."