Sunan Kakarmu da Ya Maƙale a Intanet

Abin da nake so a ce ban yi ba shi ne shafe muryar mahaifiyata. Da hannuna na yi, ba wanda ya sa ni.

Kafin Inna ta rasu, na zaunar da ita a tsakar gidanmu na Zongo na ɗauki maganarta a kaset biyu. Ta ba da labarin yadda kakanninmu suka gangaro da shanu daga arewa har Kotonu, tana yi tana tsayawa ta kori kaji. A ranar ce kaɗai ta furta sunan yanka na mahaifiyarta, sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, don kunya. Mu da laƙabi muka san tsohuwar.

Kaset ba ya daɗewa a garin nan, danshin teku yana cin sa. Shi ya sa na yarda da mai sibar na Vedoko, inda muke zuwa aika saƙo ta kwamfuta, ya ce zai sa mini muryar a intanet. Ya yi shafi da hoton Inna da ɗan maɓalli a ƙasa. Kana dannawa sai ta fara magana. Ya ce, "Alhaji, wannan ta zauna ke nan."

Azumi ya zo, ana tafsiri a rediyo, babu sabon kaset a kusa. Na ce ai Inna tana intanet. Na ɗora tafsirin a kan kaset ɗin nata duka biyun, har ina ganin ladan zai kai gare ta.

Ban taɓa sauraron shafin har ƙarshe ba, zuciyata ba ta ɗauka. Wani lokaci rubutun Faransanci yakan fito a sama. Karatuna na lakwal, wato boko, bai yi nisa ba, sai in kawar da shi.

Bara ƙanwata ta hau zemijan, babur ɗin haya, daga unguwar Avotrou ta zo. An haifa mata jika mace, tana so a sa mata sunan kakarmu.

"Yaya, kunna mini Inna, saura kwana huɗu suna."

'Yata da ke aiki a biro, wato ofis, a Cadjèhoun ta kawo kwamfutarta. Hoton Inna ya fito. Inda maɓallin yake kuwa, sai fili ruwan toka.

"Baba, abin da ke kunna wannan an daina shi tuntuni. Ƙari ne da ake sakawa a manhajar buɗe shafi. Yanzu manhajar da kanta take kunna murya, amma sai an juya muryar zuwa sabon tsari."

"To saka mata tsohon."

"Ba ta karɓar sa."

"Muryar ta goge ke nan?"

"Wataƙila tana nan."

"Tana nan ina?" in ji ƙanwata. "Ke, yi mana Hausa, ba biro kike ba."

'Yata ta ce mai sibar ne ke da lambar sirrin shafin. Na je Vedoko, na tarar ana sayar da taya a shagon, shi kuma an ce ya bar gari. 'Yar tawa ta gwada dabaru na kwana biyu, abu bai yi magana ba. Ta ce rubutun da nake kawarwa gargaɗi ne. Har yau ban gane yadda abu yake nan kuma ba ya nan ba. An ce sabon tsarin ya fi tsaro. Ban musa ba, sai dai ban san abin da tsohon ya yi musu ba.

Ƙanwata ta ce, "Shi ke nan, ɗauko kaset ɗin."

Nan na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni ko na riƙe sunan, tunda ina wurin ranar da Inna ta faɗe shi. Sunaye biyu ne ke yi mini yawo a kai, ban iya rantsewa da ko ɗaya ba. Aka sa wa jaririyar sunan wata gwaggon ubanta.

Ina roƙon mai karanta wannan, in kana da muryar wani naka a kaset ko a waya, kada ka shafe ta don an ce an adana maka a wani wuri. Ka saurara har ƙarshe, ka rubuta sunayen a takarda, ka ba 'yan'uwanka su ma su riƙe.