Jaki nasa, amalanke nata

Shekarar da auren yayata ya mutu, ni aka ɗora wa kwaso mata kaya, don ni kaɗai ke da moto, wato babur, a gidanmu. Kabu-kabu nake yi a Dungas. Ita kuma ta yi zaman aure a wani ƙauye kusa da Yekuwa har yaranta suka girma. Ba wani babban abu ne ya raba su ba. Yaya mace ce mai baki, mijin nata kuwa ko a kan gishirin miya sai an ce shi ne da gaskiya. Da ta gama idda a gidanmu, baba ya ce in kai ta a raba abin da za a raba cikin mutunci.

Mun iske maigari da liman zaune kan tabarma a tsakar gida. Gado da kwanuka da turmi ba su ba da wuya ba, kowa ya san nata ne. Daga ƙyaure aka fara.

Yaya ta ce, "Ƙyauren kwanon nan da kuɗin ƙuli-ƙulina na saye shi."

Mijin ya ce, "Ɗakin fa, na wa ne?"

"Naka ne, Malam. Ai ban ce zan ɗauki ɗaki ba."

Liman ya ce da gaskiyarta. Na ari guduma na ɓalle ƙyaure, mai ɗaki yana tsaye yana kallon cikin ɗakinsa kamar bai taɓa ganinsa ba.

Aka zo kan kaji. Kajin nata ne, zakara nasa. Sai ya ce 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe a raba biyu, tunda zakaransa ne ubansu. Liman ya yi gyaran murya, ya ce abin da aka sani shi ne ɗan dabba uwarsa yake bi.

Mijin ya ce, "Ashe zakaran nan aikin banza ya yi ta yi mini."

Maigari ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa.

Saura amalanke. Ita ta saye shi da adashinta, amma jakin da ke jansa gadon mijin ne daga wurin ubansa. Muka loda kaya har ƙyaure a sama, muka ɗaure kaji a kwando. Yaya ta nufi turke za ta kwanto jaki, sai mijin ya riga ta, ya dafa wuyansa.

"Ina za ki da shi?"

"Dungas."

"Ke da amalankenki ku je. Wannan ko a jastis, gaban alƙali, nawa ne."

Ni da shi akwai wasa tsakaninmu, irin na ƙanin mata da mijin yaya. Na ce masa ya riƙe jakinsa ya dafa ya ci, moto ta fi jaki goma. Na ɗaure hannuwan amalanke a bayan moto da igiyar guga, Yaya ta hau kan kaya, na tayar. Hanyar garin yashi ce zalla. Moto ta yi kuka, tayar baya ta haƙa rami, ta gaba ta ɗaga sama. Turmi ya gangaro ya bi hanyar rijiya, kwando ya kife, kaji suka watse, suka koma gidan da aka fito da su. Mijin Yaya ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Da ya share hawaye sai ya ce zai ba da hayar jakin. Maigari ya ce, "Kai, ji kunya. Uwar 'ya'yanka ce. Ɗaura jaki ka kai ta gida."

Haka muka kama hanya. Mijin a gaba da sanda, ita a baya kan katifa ta juya masa baya, ni ina bin su a hankali da turmi ɗaure a bayana. A wani ƙauye wani mutum ya tsayar da mu, yana da buhunan wake yana son a kai masa kasuwar Dungas. Mijin ya faɗi kuɗi kaɗan, mai wake ya ce ya yarda. Sai muryar Yaya daga kan katifa.

"Wa ya yarda? Taya iska take sha kyauta? Ƙara, ko ka ɗauka a ka."

Mai wake ya ƙara. Da muka sauke masa a bakin kasuwa ya miƙa kuɗi, hannu biyu suka miƙo lokaci ɗaya. Shi ya ce jakinsa ya ja, ita ta ce amalankenta ya ɗauka. Mai wake ya gaji da tsayuwa, ya raba biyu da kansa, ya ba kowa rabi, ya yi gaba.

Tun daga ranar abin ya zama sana'a. Duk ranar kasuwa mijin yakan zo da jaki ƙofar gidanmu ya yi sallama, Yaya ta turo amalanke daga zaure. Ita ke yin ciniki, shi ke kora. Da yamma su raba a gaban baba. Har dusar da jakin ke ci a wurinta yake saye, kuma ba ta yi masa ragi. Dangi sun yi ta cewa su mai da aurensu kawai, kowannensu ya ce Allah ya kiyaye.

Bayan wani lokaci Yaya ta auri wani tela a Dungas, mutum mai sanyin hali. Ganin tsohon miji na zuwa ƙofar gidansa duk mako bai yi masa daɗi ba. Wata rana ina wurin ya ce mata zai sayo mata jaki nata na kanta, a huta.

Yaya ta aje ludayi ta dube shi. Ta ce, "Malam, jaki ci yake yi, har ran da ba kasuwa. Wannan kuwa wani ke ciyar da shi."

Tela ya koma kan kekensa na ɗinki.